Usta Tursunali da Ruwan da Ke Ɓata a Gidanmu

"Sau nawa ka ƙara mata ruwa?"

"Kullum, Usta. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan."

"Kullum?" Ya tura hularsa baya, ya dube ni ta saman tabarau. "Doniyor, malamin adabi, tukunyar ɗumama gida ka saya ko raƙumi? Abin da ake ƙara wa ruwa sau ɗaya a shekara, kai kana shayar da shi kamar za ku ƙetare hamada."

Ban yi dariya ba, don ba ni da ita a jikina ranar. Muna tsaye ne a ɗan lungun da ke bayan kicin ɗinmu a garin Margilon, ranar wata Laraba cikin Janairu, ina nuna wa Usta Tursunali, tsohon gwanin gyaran tukwanen ɗumama gida na unguwarmu, gejin tukunyar. Kowace safiya kafin in tafi makaranta nakan duba in ga allurar gejin tana ɗaya da rabi. In dawo da azahar in tarar allura ta kwanta a sifiri, wuta ta mutu, lagireton da ke ɗumama kowane ɗaki ya yi sanyi ƙalau, sai in buɗe famfo in sake cika ta. A ɗakin ciki kuwa ga matata Nafosat, ga 'yarmu Oydin mai kwana goma sha tara a duniya, wadda ta riga lokacinta da sati uku. Ungozoma ta faɗa mana ba ɓoye-ɓoye: yarinyar nan ba ta da tsokar da za ta yi kokawa da sanyi.

Ranar Litinin surukina Kodirjon, wanda nake ƙara wa "aka" a bayan suna don girmamawa, ya zo duba jikarsa. Ya taɓa hancinta da bayan yatsa, ya ɗago ya kalle ni, kallon da har yanzu in na tuna sai in ji zufa. Ya ce, "Juma'a bayan masallaci zan zo da mota. In ɗakin nan yana nan yadda yake, zan tafi da 'yata da jikata." Kakata Sharofat, wadda ta raine ni tun da iyayena suka tafi aiki Rasha, ta ce jinjiri ba ya ƙetare ƙofar ɗaki kafin arba'in, sai dai a bi ta kan gawarta. Masu gyara biyu sun zo kafin nan, samari masu jakunkuna masu sheƙi. Duka biyun bakinsu ɗaya: bututu ya fashe a ƙarƙashin daɓe, a fasa ƙasa daga kicin har ɗakin mai jego. Wato sati guda babu ɗumi ko kaɗan.

Na kasa zama, na kasa tsayuwa. Ina koya wa ɗalibai waƙa a aji, hankalina yana kan wata 'yar allura baƙa.

Na ƙi kiran Usta tun farko saboda kunya. Kowa a unguwa ya san a ƙarshen watan nan zai ajiye sufana bayan shekara arba'in da huɗu, gwiwoyinsa sun gaji, kunnensa na hagu ya fara nauyi, 'yarsa ta matsa sai ya koma wurinta a birnin Tashkent. Na ce ya zan jawo tsoho yana ɗaure kaya in durƙusar da shi a kan siminti? Sai ga shi ya zo da kansa. Dalilin zuwan nasa shi ne abin da na fi so masu karatu su fara sani game da shi.

Idan ya fito sallar asuba a lokacin sanyi, ba ya komawa gida kai tsaye. Yakan tura tsohon kekensa a hankali, ya bi layi-layi, kansa a sama. Kowane gida yana da bututun da tukunya ke fitar da numfashinta, kuma in wuta tana ci za ka ga farin tururi yana fita. Tururin nan yake karantawa. Gidan da ya ga bututunsa shiru, sai ya jingina keke ya ƙwanƙwasa. Da hantsi ya sake zagayawa, bayan maza sun tafi aiki, saura mata da tsofaffi da ba su san wa za su kira ba. A wannan zagayen na biyu ne ya lura da namu: da asuba tururi, da hantsi babu. Kwana uku yana gani, a na huɗu ya buga ƙofa.

Kai ne, Usta, mai gadin da ba wanda ya ɗauka aiki. Mun yi shekaru muna barci cikin ɗumi, ba mu san akwai wanda ke ƙirga numfashin gidajenmu ba.

Kada a ce son kai ne ya sa nake yabo, ga shaidu. Malama Mavluda da ta koya mini lissafi ta ce tata tukunyar da ta yi zafi sai allura ta haura uku, ruwa ya riƙa tsiyaya ta ƙasa, har ta tara kwanoni tana tarewa. An ce mata ta lalace. Usta ya zo ya ƙwanƙwasa ɗan jan tankin da ke gefe da ƙugun yatsa, ya ji ya yi nauyi, ya ce iskar cikinsa ce ta tsere, ruwa in ya kumbura ba shi da wurin zuwa. Ya rage ruwan, ya ciro famfon kekensa ya hura wa tankin iska. Ta ce ko shayin da ta dafa masa bai huce ba ya gama. Ergash mai gurasa kuma ya ba ni labarin shekarar da ɗakunansa na sama suka ƙi ɗumi, na ƙasa suna zafi, har ya fara zargin makwabci da sa masa hannu. Usta ya hau, ya kwance ɗan kusar da ke kunnen kowane lagireto, iska ta fita tana huci, ruwa ya biyo baya. Ya sauko ya ce, "Ga maƙiyin naka can na sake shi, je ka ka ba makwabcinka haƙuri." Kuma duk farkon sanyi akwai zawarawa da tsofaffi da injin zagaya ruwansu ke cijewa saboda zaman bazara. Sukudireba kawai yake sa wa ya juya shi sau biyu, ya tashi. In an kawo masa abin hannu ya ce a ba shi shayi mai zafi, ya fi son shi.

Na karanta littattafai da yawa, na sha kuka a kan jarumai masu takubba da masoya masu ƙetare tsaunuka. Ban taɓa cin karo da wanda ya rubuta mutum irin wannan ba, kuma abin yana ci mini rai.

A ranar Larabar nan bai kwance ko kusa ɗaya ba. Ya dafa ƙarshen sukudireba a jikin bututu, ya manna mariƙin a kunnensa na dama, ya rufe ido. Ya bi ɗakuna yana shafa daɓe da tafin hannu, ya duba ƙasan kowane lagireto da tocila, ya sa busasshiyar takarda a bakin bututun da ke zubar da rarar ruwa. Ina binsa a baya ina surutu.

"Usta, a fasa ƙasar ne? Usta, Juma'a fa jibi ce."

"Ruwan da ke yoyo ba ya duba agogo," in ji shi. "Da a ƙasa yake zuba, da dare ma zai zuba. Ka taɓa tashi da asuba ka ga allurar ta faɗi?"

"Ban taɓa ba," na ce.

"To. Naka ruwan yana da lokacin fita kamar ma'aikacin gwamnati."

Ya fita tsakar gida ya tsaya gaban igiyar shanya. Ƙyallayen Oydin ne jere, sun sandare da ƙanƙara. Ya kama ɗaya ya ɗaga shi sama yana duba wani dishi-dishin ja kamar na tsatsa da ke jikinsa, ya shinshina, ya mayar. Sannan ya ce, "Gobe da ƙarfe tara zan zo shan shayi wurin Sharofat opa. Kai ka tafi aikinka." Kakata yake nufi, "opa" shi ne yadda muke girmama babbar mace.

Ban iya ba. Ranar Alhamis na shiga aji na farko, na ba su aiki, na roƙi abokin aikina ya riƙe mini na biyu, na yi ta sauri a kan ƙanƙara har na faɗi sau ɗaya. Na shigo ta ƙofar baya. Akwai wani ɗan soro tsakanin kicin da banɗaki, inda lagireto na ƙarshe yake, wanda magini ya sa wa ɗan famfo don ranar da za a zubar da ruwan gidan duka. Daga can na jiyo muryoyi, na tsaya a bayan labule.

"Sharofat opa, bokitin nan naki yana da farin jini. Shi kaɗai ke samun ruwan zafi a gidan nan."

"Tursunali, ka zo shan shayi ko leƙen asiri? Tun muna masaƙa haka kake, hanci a cikin tukunyar kowa."

"Ni dai na ga mai ɗiba."

"To sai me? Rabin bokiti ne. Ka ga gas ɗin nan kuwa? Wutar murhu kamar idon kyanwa, awa guda ruwa bai yi ɗumi ba, ga ƙyallaye tuli, ga hannuna ya tsage. Shekara talatin ina gidan benen masaƙa, daga ni har matan hawa biyar a lagireto muke ɗiban ruwan wanki. Ginin ya faɗi?"

"Bai faɗi ba, don ni ne a ɗakin tukunyar masaƙa ina cika abin da kuka ɗiba. Tanki ne da mota za ta shiga ciki. Na sha tsine muku a zuciya, opa, ban san fuskokinku ba sai yau." Ya yi 'yar dariya, sannan muryarsa ta sauya. "Tsaya. Ba da shi kike wa yarinyar wanka ba dai?"

"Kai! Mahaukaciya ka ɗauke ni? Na wanka a murhu nake dafawa."

"Alhamdu lillahi. To ki ji. Wannan ta gidanku 'yar ƙarama ce, ruwanta a ƙulle yake, shi ke nan yana zagayawa. Kin ɗebi rabin bokiti, allura ta faɗi, tukunya ta kashe kanta don kada ta ƙone. Jikanki ya dawo ya cika da sabon ruwa, sabon ruwa ya bar farar ƙasa a cikinta. Haka kullum. Ɗakin Oydin ke sanyi saboda ƙyallayen Oydin."

Kwana goma sha biyu ina zargin magini, ina zargin kaina, matata tana kuka a ɓoye, ashe abin yana hannun matar da ta goya ni.

"Ƙarya ne," in ji Kaka, amma muryar ba tata ba ce. "Yara bakwai na raina. Ni zan sa wa jinjira sanyi? Ka gyara ƙarfenka ka bar ni."

"Ƙarfen zan gyara. Famfon nan kuwa gidanki ne, ba zan taɓa shi ba sai kin ce. Kuma daga bakina ba wanda zai ji."

Ya fito ya same ni a bayan labule. Bai yi mamaki ba. Ya kama hannun rigata ya ja ni lungun tukunya.

"Zan faɗa wa Kodirjon aka," na ce, hawaye na zubo mini. "Yanzu zan kira shi. In cire famfon da hannuna."

"Ka cire, gobe ta samo sufana ta kwance wani wurin, don ba ta yarda ba tukuna. Ka faɗa wa surukinka, jibi unguwa ta ji cewa Sharofat ta kusa kashe tattaɓa-kunnenta. Matar da ake kira duk gidan da aka haihu. Bayan nan wa zai ƙara miƙa mata jinjiri? Ɗana, na shiga gidaje sun fi dubu. Sau da yawa laifin ba na tukunya ba ne, amma ban taɓa gyara tukunya na bar gida a fashe ba. Riƙe mini tocila."

Haka ya durƙusa a kan gwiwoyin nan da likita ya hana shi durƙuso. Ya kashe gas, ya ciro cikin tukunyar, ya nuna mini yadda farar ƙasa ta toshe hanyoyin ruwa. Ya wanke da ruwan tsami har sau uku, ya wanke matatar da ke ƙasa, ya mayar, ya cika, ya bi kowane ɗaki yana sakin iska. Duk lokacin da zai miƙe sai ya dafa bango ya cije leɓe. Da la'asar ya tafi gida ya dawo da wata babbar butar tagulla mai aiki da gawayi a bayan keke, ta marigayiyar matarsa. Ya ajiye a ƙofar kicin ya ce da ƙarfi, yadda na ciki za su ji, "Ba ni da wurinta a Tashkent. Bokiti guda take tafasawa kafin a gama yanka albasa." Kaka ba ta fito ba. Abincin yamma ma a ɗakinta ta ci.

A nan zan tsaya in yi godiya, don in na kai ƙarshen labarin ba na jin zan iya ƙara kalma.

Na gode, Usta Tursunali. Kai ne ka san ciwon ƙarfe ka kuma san na mutum, ka san wanne ake sa wa sufana, wanne ake ba lokaci. Na gode da gwiwoyinka. Na gode da bakinka da ka kama, alhali kalma ɗaya za ta wanke sunanka a gaban mai shakkar aikinka. Ku kuma samarin da kuka gaji sana'ar nan, da jakunkunanku da na'urorinku, Allah ya sa albarka, amma ku koyi zama. Kafin ku ce a fasa daɓe, ku tambayi ƙarfe nawa ruwan ke ɓata, ku dubi igiyar shanya, ku sha shayi da tsohuwar gidan. Mu sauran jama'a, in kun fito da safe ku ɗaga kai ku dubi bututun makwabci. Daga wata mai zuwa ba mai yi mana wannan.

Ranar Juma'a ban je makaranta ba. Na yi ta safa da marwa tsakanin geji da ɗakin Nafosat. Tara ta yi, goma ta yi, allura tana ɗaya da rabi. Kaka tana ɗakinta, ƙyallaye sun taru a kwando ba a wanke ba. Ban san ko yarda ta yi ko fushi take ba.

Bayan masallaci motar Kodirjon aka ta tsaya a ƙofa. Usta ya biyo shi a keke. Surukina ya shiga ya dafa lagireto, ya cire hannu da sauri don zafi, ya taɓa hancin Oydin. Na ga fuskarsa ta ɗan saki. Amma shi tsohon direban manyan motoci ne, ba a rufe masa baki da "ya gyaru".

"Usta, ɗumin yini ɗaya ba ɗumi ba ne. Ruwan nan ina yake zuwa?"

"Na san inda yake zuwa."

"To ina?"

"Ba a ƙasa yake ba, Kodirjon. Wannan na rantse maka."

"Ban tambaye ka inda ba ya zuwa ba. Ka toshe?"

"Na yi nawa. Sauran ba a hannuna yake ba."

"Ka ji tsoho da magana kamar boka! Sati mai zuwa kana Tashkent, in ta sake mutuwa wa za a kira?" Ya juyo gare ni. "Kai, angon littafi, ka sani?"

Na buɗe baki. Na dubi Usta, ya sunkuyar da kai yana goge tabarau da bakin riga. Na dubi Nafosat, ta rungume yarinya tana kallona, idonta cike. Na rufe bakin.

"Shi ke nan," in ji Kodirjon aka. "Nafosat, naɗe ta da bargo biyu. Mota tana da ɗumi."

Nafosat ta miƙe a hankali. Ta ɗauki bargo na farko. Sai ƙofar ɗakin Kaka ta buɗe. Ta fito da farin mayafinta na fita unguwa, ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin mai jego, ta cika ta, ita da ba ta kai kafaɗata ba.

"Ajiye bargon nan, 'yata," ta ce. "Kodirjon, bar tsohon nan haka, rufa mini asiri yake yi. Ni ce nake ɗiban ruwan, a lagireton soro, kullum da hantsi, don wankin ƙyallaye. Ni na sa wa yarinyar nan sanyi, ban sani ba, yanzu na sani. Tursunali, ɗauko sufanarka ka cire famfon nan yanzu a gaban kowa, ka toshe wurin. Oydin kuwa a ɗakin nan za ta yi arba'in ɗinta."